Music publisher: mawallafi, dillali ko mariƙin waƙa?

Jama'a, ina fassara wani ɗan tarihin kiɗan karkarar Amurka, wanda suke kira country, sai kalmar "music publisher" ta tsaya mini a wuya. Na rubuta "mawallafin waƙa" na goge. Da Bahaushe ya ji wallafa, littafi da maɗaba'a ne za su faɗo masa a rai, alhali mutumin da nake magana a kansa ba buga takarda ce ta azurta shi ba.

Sunansa Ralph Peer. A 1923 ya je Atlanta ya naɗa wa kamfanin Okeh kiɗan wani mai gogen Turawa, Fiddlin' John Carson, faifan kuma ya samu kasuwa. Da ya koma kamfanin Victor sai ya yi wani ciniki mai kama da wauta: a biya shi dala ɗaya a shekara, amma a bar masa haƙƙin mallakar waƙoƙin da ya naɗa. Dokar Amurka ta 1909 ta ce duk faifan da aka buga sai an biya mai waƙar santi biyu. Ku lissafa da faifai dubu ɗari. A 1927 ya kafa na'urarsa a garin Bristol na jihar Tennessee, inda ya samo Jimmie Rodgers da iyalin Carter, yana biyan dala 50 kowace waƙa, ban da kason da zai riƙa zuwa wa mawaƙan daga baya. A 1928 ya buɗe kamfaninsa, Southern Music.

To wannan me za mu kira shi?

Wani ɗan uwa ya ce "dillalin waƙa". Ta yi daɗin faɗa, Malam, sai dai dillali yana karɓar la'adarsa ne sau ɗaya ya kama gabansa. Shi kuwa wannan yana nan maƙale da waƙar shekara da shekaru. Wata 'yar uwa ta kawo "ubangida". Hajiya, ai ubangidan makaɗi shi ke ba da riga da doki, wannan kuma karɓa yake yi.

Ni dai na fi karkata ga "mariƙin waƙa". Wani ya haifa, wani ya riƙe: shi zai yi mata rajista, ya nema mata masu rerawa, ya bi kamfanonin faifai ya karɓo kuɗinta, ya cire nasa ya miƙa sauran. Da wannan kalmar jimlata ta zauna daidai: a 1942 mawaƙi Roy Acuff da marubucin waƙa Fred Rose suka kafa Acuff-Rose, kamfanin riƙon waƙa da ya fara ɗaga sunan birnin Nashville a wannan sana'a.

Na san inda za a kama ni. Mariƙi ba ya mallakar ɗan riƙo, Peer kuwa mallaka ya yi. Har ma don tsohuwar waƙar da ba ta da mai ita ba ta kawo masa ko sisi, sai ya matsa a zo masa da wadda za a iya yi wa rajista. Shi ya sa A.P. Carter, ɗaya daga cikin iyalin Carter ɗin nan, ya riƙa bin ƙauyukan duwatsu yana tattaro waƙoƙin mutane, ya gyara, a rubuta da sunansa. Wannan kam ya wuce riƙo. Duk da haka "mariƙin waƙa" na saka a fassarar, sai in wani ya zo da wadda ta fi ta kafin Juma'a.