Ruwa na taruwa a bayan kujerun tsohuwar mota MX-5, ta ina yake shiga?

Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman shawarar masu ilimin tsofaffin motoci.

Ina gyaran wata Mazda MX-5 ƙirar 1991, mai rufin tamfol da ake naɗewa, wadda ta daɗe a yashe. Injinta mai lita 1.6 lafiya lau yake tashi, na sake mai da tayoyi da ruwan birki. Ruwan sama ne ya hana ni sakat. Da an yi ruwa sai kafet ɗin bayan kujerar direba ya jiƙe sharkaf.

Na zura waya a magudanan ruwan sama guda biyu na bayan kujeru, datti ya fita, ruwa na zuba ƙasa yadda ya kamata. Na sake robar gilashin ƙofa. Tamfol ɗin bai yage ba. Duk da haka jiƙewar tana nan.

Tsorona tsatsa ce, don motar da ba ta da rufin ƙarfe, ƙarfinta na dogara ne da ƙarafan ƙasan ƙofa, kuma fentin wurin ya fara kumbura.

Ko kwatar robar da ke zagaye da gindin tamfol ɗin ce ta tsage? Ana iya duba ta ba tare da kwance rufin gaba ɗaya ba? Kuma walda zan fara, ko toshe yoyon?