Sanyin hunturu: wane irin ɗaki ne ya fi riƙe ɗumi?

Uwar Biyu, Jos: Jama'a, ina neman shawara. Mun tare a sabon gida, ginin bulo inci 6, rufin kwano, babu silin. Tun shigowar Disamba, da asuba sai ka rantse a waje ka kwana, har raɓa ke ɗigowa daga kwanon. Yara kullum cikin mura. Ta ina zan fara?

Magini, Zariya: Hajiya, fara da silin. Iska mai ɗumi sama take tashi, shi kuwa kwano ƙarfe ne marar kauri, nan da nan yake fitar da zafin ɗakin zuwa waje. Da zarar an sa silin, iskar da ke tsakaninsa da kwano ita ke tare sanyin. Ramin cikin bulo ma aikinsa ke nan, shi ya sa inci 9 ya fi inci 6. Kuma a yi filasta ciki da waje.

Ɗan Damagaram: Ni a ɗakin soro na taso, bangon tubali mai kauri sosai daga gindi, rufin azara da ƙasa. Bangon yini yake yi yana shan rana a hankali, sai dare ya yi ɗumin ya iso ciki, daidai lokacin da ake nemansa. Kakarmu da mayafi ɗaya take kwana. Da bazara kuwa ɗakin na da sanyi da rana, amma da dare yakan yi zafi, sai mu fito tsakar gida. Wahalarsa yaɓe kafin damina da gyaran indararo. Yanzu ina haya a ɗakin bulo, kuma wallahi ina kewarsa duk hunturu.

Malamar makaranta, Gembu: 'Yar'uwa, duba ƙasan ƙofa da gefen taga. A nan kan tsaunin Mambila ta nan sanyi ya fi shigo mana. Tsumma na cusa, na rataya labule mai kauri, na shimfiɗa darduma kan siminti.

Ma'aikacin jinya, Kano: Don Allah duk wanda ya toshe ɗaki kada ya kwana da kaskon garwashi a ciki. Gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana kashe mutum cikin barci. Mun karɓi iyali guda a sume saboda haka. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon, sannan a kwanta.

Uwar Biyu, Jos: Allah ya saka da alheri. Daga yau kasko ba zai ƙara kwana ciki ba. Silin kuma ɗakin yara za mu fara yi wa idan albashi ya shigo.