An gayyace ni shiga Omicron Delta Epsilon, in biya ko in share?

Ɗalibin Tattali:
Salam jama'a. Ina aji 3 a wata jami'a a Amurka, ina karanta tattalin arziki, jiya sai ga imel wai na cancanci shiga Omicron Delta Epsilon, wata ƙungiyar karrama ɗaliban tattalin arziki, amma akwai kuɗin rajista. To ni dai tsorona kar ya zama irin ƙungiyoyin nan da ke tura wa kowa da kowa saƙo don su karɓe ƴan kuɗinsa. Dan Allah wanda ya sani ya faɗa min, tana da amfani kuwa? Kuma ban da zuwa lakca me ya kamata in riƙa yi, don CV ɗina wallahi fayau yake.

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ta gaske ce, ba ta ƴan damfara ba. A 1963 aka kafa ta bayan an haɗe ƙungiyoyi biyu, ɗayar tun 1915 take, su John R. Commons da Frank Taussig suka assasa ta, kuma ita Omicron Delta Epsilon ɗin ce ke fitar da mujallar The American Economist. Sharaɗin dai sai ka yi kiredit 12 na kwasa-kwasan tattalin arziki da matsakaicin maki B, to ka ga ba wani tsauri ba ne, kuma a nan ne gizo ke saƙa, duk mai ɗaukar aiki da ya san harkar ya san ba wuya ake sha ba kafin a shiga. Ni na biya, an ba ni satifiket, yana cikin akwati har yau. Fara tambaya ko reshen makarantarku yana motsi, in suna gayyato masana suna taro ka shiga, in kuwa sai ranar rantsarwa kawai ake ganinsu to ka dai samu layi ɗaya a CV.

Yar Lissafi:
Yaya ya gama magana. Ni abin da ya fi min amfani College Fed Challenge ne, gasar da babban bankin Amurka ke shiryawa. Ku haɗa tim, ku zauna kamar ku ne kwamitin da ke yanke kuɗin ruwa, ku duba hauhawar farashi da rashin aikin yi, ku ce a ƙara ko a rage ko a bar shi yadda yake, sannan alƙalai su yi ta jefo muku tambayoyi. A nan na koyi ciro alƙaluma daga FRED, wato rumbun alƙaluman tattalin arziki na intanet, a nan kuma na fahimci dalilin da babban bankin yake ta nanata burinsa na tsayar da hauhawar farashi a kashi 2 cikin 100 ɗin nan, abin da na haddace a aji ban gane ba. Akwai cin lokaci fa, mun sha kwana a laburare.

Tsohon Hannu:
Af na manta. Je ka ƙwanƙwasa ofishin malamin da kake jin daɗin darasinsa ka ce kana so ka taya shi bincike, ko gyaran data ne. Amma koyi manhajar nazarin data irin R ko Stata tukuna. In ka tashi neman mastas ko PhD wasiƙar da zai rubuta maka ita za a fi dubawa.

Ɗalibin Tattali:
Na gode sosai Yaya, Allah ya saka. Gobe zan leƙa dipatmen in ji labarin reshen namu. Anti, ita gasar mutum nawa ake buƙata a tim, kuma dole sai da malami mai kula da mu?