Motar da tayoyin bayanta ke shan kwana: in saya ko in haƙura?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Wani dila ya nuna min Acura TLX ta 2015, 'yar Kwatano, jikinta tas. Yana cikin kuranta ta sai ya ce wai tayoyin baya ma suna juyawa idan an murza sitiyari. Na sa yaronsa ya murza ina tsugune a baya, wallahi ban ga abin da ya motsa ba. Fowil yake nufi, ko zaƙin bakin dillalai ne kawai?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Bai yi maka ƙarya ba, kuma ba fowil ba ne. Fowil ƙarfin inji ne ke zuwa ga tayoyi huɗu don kada mota ta kafe a yashi ko taɓo. Wannan kuwa maganar sitiyari ce. Idan kana tafiya a hankali ka karya dama, na baya sai su ɗan karkata hagu, motar ta juyo a ƙuntataccen wuri kamar an rage mata tsawo. Idan ka ɗauki wuta a babban titi kuma, na bayan suna bin ɓangaren da na gaba suka bi, don haka in ka sauya hannu za ka wuce tirela ba ka jin gindin motar yana wutsil-wutsil. A TLX kowace tayar baya da ƙaramin injinta na lantarki da ke karkatar da ita, kuma karkatar ba ta kai digiri 2 ba, shi ya sa idonka bai kama ba. In ka taka burki ma dukansu biyu suna ɗan sunkuyo da baki ciki don motar ta tsaya a miƙe.

Ɗan Zariya: Digiri biyu kacal? To ai ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Alhaji Tsohon Direba: Yaro, ba ka tuƙa ba ne. Wannan abin ba sabo ba ne, Honda ta fito da shi a Prelude tun 1987, kuma na riƙe ɗaya shekara huɗu. Waccan babu kwamfuta babu waya, sanda ce ta ƙarfe ta taso daga sitiyarin gaba zuwa wani akwati a baya. Ka ɗan taɓa sitiyari, na baya su bi na gaba kaɗan. Ka murza shi sosai, su juya ɗaya gefen har digiri 5. Layinmu a cikin gari ko mota biyu ba sa giftawa, amma da ita sau ɗaya nake karyawa in shige gareji, maƙwabcina kuwa sai ya yi ribas uku yara suna masa "taho, taho". Abin da ya raba ni da ita, wani bakanike ne ya kwance akwatin bayan ya mayar ba a kan saiti ba, ta koma tafiya a karkace kamar kaguwa.

Direban Oga: Baba ya faɗi gaskiya. Ni S-Class nake ja a Abuja, sabon yayin da ya fito a 2020, tamu mai digiri 10 ce. Mota ce doguwa, amma wajen fakin a ƙasan bene sai ka rantse Corolla ce a hannunka. Sai dai gargaɗi ɗaya: idan ka yi fakin dab da bango ko bakin kwalbati, kada ka murza sitiyari har ƙarshe ka fizga. Gindin yana ɗan fita waje kafin ya biyo. Satina na farko na goge rim ɗin baya da dakalin gefen titi, oga na zaune a baya yana waya. Bai ce min uffan ba har muka isa, wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Ɗan Zariya: Allah ya kyauta, albashin wata ya tafi a rim.

Oga Rewaya: Ranka ya daɗe Baban Ilham, ni ta ɓangaren gyara zan yi magana. Kafin ka biya ko sisi, a jona mata kwamfuta a duba, kada ka yarda da cewa babu wutar da ta kama a dashbod, don akwai masu goge ta da safe kafin mai saye ya zo. A ɗaga ta sama a girgiza tayoyin baya, a duba bushin da wayoyin da suka shiga na'urar. Ka dubi cin tayar: in ciki ya cinye waje na nan, akwai magana. Ramukan hanyoyinmu da ruwan damina su ne abokan gabarta. Sannan alaimen ɗinta ba na mai zare da ido ba ne, sai wurin da ke da na'urar tayoyi huɗu kuma ya san yadda ake mayar da na bayan tsakiya kafin a fara.

Maman Sadik: Kayan gyaran fa, ana samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano?

Oga Rewaya: Hajiya, gara ya je ya tambayi kuɗinsu da bakinsa tun bai saya ba. In ba a samu a nan ba, sai an aika Ladipo a Legas ko a yi oda.

Injiniya: Kuma a sani ba kowa ya ci ribar abin ba. Kamfanin GM na Amurka ya saka shi a manyan akori-kurarsa daga 2002, masu jan tirela suka yaba, amma tsada ta sa aka daina a 2005. Masu Nissan Skyline da yawa ma cire nasu suke yi su ɗaure tayoyin da sandar ƙarfe. Ni dai a TLX ban ba ka shawarar a kashe shi ba. In ba ka son ɗawainiyarsa, nemi TLX mai SH-AWD, wato mai fowil, ita ba ta da shi.

Baban Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Oga Rewaya, Asabar da hantsi kana shago? Sai mu je tare da kwamfutarka.

Oga Rewaya: Ina nan in sha Allah. Amma kada ka gaya wa dilan ranar da za mu zo.