SSD ɗin 256 ya cika: babba ne maganin nauyin kwamfuta?

Mai Hoto (unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi): Assalamu alaikum ƴan uwa. Kwamfutata ta tafi-da-gidanka ta yi nauyi tun bayan bukukuwan sallah. SSD (ma'ajiyar fayiloli marar diski mai juyawa) ne a ciki mai jiga 256, saura jiga 6 kawai, duk hotuna da bidiyon aure ne. Wani mai shago a babbar kasuwa ya ce in sa mai tera 1 (jiga 1000), wai saurinta zai ninka sau huɗu tunda girman ya ninka huɗu. Gaskiya ne? Da ita nake ciyar da gida, kar in zubar da jikkunana a banza.

Mai Gyara (Sabon Gari): Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan magana ba haka take ba. Girma daban, sauri daban. Rumbu ne aka faɗaɗa, ba jakin da ke ɗauko hatsin aka sauya ba. Inda ake ganin canji na gaske shi ne daga tsohon diski mai juyawa, wanda ke karanta kamar mega 100 a daƙiƙa, zuwa SSD na SATA (tsohon nau'in mahaɗi) mai kai wa 550. Ke kin riga kin wuce nan. Ki ƙara RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a kanta, ya fi miki.

Ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko: Yaya, da girmamawa, ban yarda da rabin maganarka ba. Ka duba abin da ta ce, saura jiga 6. SSD ba ya rubutu kan wurin da ke da rubutu, sai ya kwashe abin da ke ciki, ya goge sashen gaba ɗaya, sannan ya sake rubutawa. In fili ya ƙare, kowane ɗan rubutu sai ya jawo wannan kai-da-kawo. Ga Windows kuma tana aron fili daga diski in RAM ta cika. To ina za ta aro? Sau huɗu dai ƙarya ne, amma nauyin nan daga cikar yake.

Mai Gyara: Ai ka ƙarfafa maganata, ƙanena. In cika ce matsalar, a rage kaya, kyauta ne.

Ɗalibi: Ta rage yau, biki biyu ya sake cika shi. Kuma akwai tsawon rai. Samsung 870 EVO mai jiga 250, garantinsa rubutun tera 150 ne, mai tera 1 kuwa 600. Mai tace bidiyo kullum rubutu take, babba ya fi jure mata.

Malamin Lissafi (Zariya): Ni abin da ke damuna daban ne. Hajiya, hotunan mutane wuri guda suke? Tsohon diski kan yi ƙara ko ya yi ta tsayawa kafin ya mutu, SSD kuwa sau da yawa sai dai ki wayi gari kwamfuta ba ta ganinsa. Abin da aka goge a kansa ma da wuya a dawo da shi. Ranar aure ba ta maimaituwa. In kika tara aikin shekara uku a tera 1 ba kwafi, asarar ce kika ninka huɗu. Ki sayi diskin waje tukuna.

Mai Hoto: Malam, na taɓa yin na waje. Ya faɗo daga jakata a kan kabu-kabu, ya tafi da walimar wata baiwar Allah. Har yau ina jin nauyin haɗa ido da ita. Shi ya sa nake son komai a ciki.

Malamin Lissafi: Allah ya kiyaye gaba. Amma wancan ma shi kaɗai ne kwafin, shi ya sa ya yi ciwo. Biyu za ki riƙe, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a gida ba ya fita.

Mai Gyara: To na sauko kaɗan. Ga mai irin aikinta tera 1 ba almubazzaranci ba ne, sai dai kar ta sa ran abin da mai shago ya faɗa. Kuma kar ki sayi komai sai an buɗe bayan kwamfutar. Akwai SSD mai inci 2.5, akwai siririn nan M.2 2280, faɗi milimita 22, tsawo 80. Shi M.2 ɗin iri biyu ne, SATA da NVMe, kuma ba kowane rami ke karɓar duka biyun ba. In naki SATA ne alhali ramin yana ɗaukar NVMe, nan ne za ki ga ƙarin sauri wajen kwafe manyan bidiyo, don NVMe na ƙarni na uku yana kai mega 3500 a daƙiƙa. Wasu kwamfutocin kuma an liƙe ma'ajiyar da babban allon da ke cikinsu, ba ta ciruwa sam.

Ɗalibi: A kula da jabu. Ana rubuta tera 2 a kwali, ciki ɗan ƙaramin abu ne, sai ya cika fayiloli su fara lalacewa. Akwai manhajojin gwaji: H2testw yana cika diskin ya karanta ya tona asiri, CrystalDiskInfo kuma yana nuna awannin da ya yi aiki in tsoho ne aka sake wa kwali. Amma in kin ga jiga 931 maimakon 1000, wannan ba cuta ba ce, lissafin Windows ne.

Mai Hoto: Manhajojina fa? Ba na son a yi mini fomat.

Mai Gyara: Kwafe tsohon za mu yi kacokan zuwa sabon, manhajar kwafewa Clonezilla kyauta ce. Ki cika batir saboda ɗaukewar wuta, kuma in BitLocker (makullin diski na Windows) na kunne ki rubuta lambobinsa 48 a takarda kafin a taɓa sukurin farko. Tsohon 256 ɗin a sa shi a ɗan gida na USB, ba ya tsoron jijjiga.

Ɗalibi: Ni sabuwar Windows zan zuba, kar a kwaso tarkacen shekaru a kai sabon ɗaki.

Mai Gyara: Tana da biki Asabar, ba lokacin neman lasisin manhaja ba ne. Hajiya, yi wannan gwajin yau: kwashe jiga 60 zuwa wani diskin, ki kashe ki kunna. In ta saki jiki, ɗalibi ya yi gaskiya. In nauyin na nan, RAM ce.

Mai Hoto: Na gode ƙwarai. Zan aro diskin ƙanwata bayan la'asar. RAM ɗina jiga 4 ce, na manta ban faɗa ba.

Mai Gyara: Jiga 4 da tace bidiyo? Kawo ta shago gobe da safe mu duba ko akwai ramin RAM na biyu.