An ƙwace mini WhatsApp, ana roƙon kuɗi da sunana, ya zan yi?

Maman Hanifa, Pantami:

Assalamu alaikum jama'a. Da wayar maigidana nake rubutun nan. Ina sayar da atamfa da leshi da turaren wuta daga gida, kuma kusan duk cinikina ta WhatsApp yake, har Kumo da Bajoga ina da masu saye. Jiya bayan la'asar wani ya kira ni, Hausarsa tsaf, ya ambaci sunan gurup ɗinmu na iyayen yara na Islamiyya. Ya ce za a yi taro ta waya ƙarfe 8 na dare, an tura wa kowa lambar shiga, in karanto masa tawa ya sa ni cikin masu halarta. Ina tsaka da tuƙa tuwo saƙon ya shigo, lambobi 6, na karanta masa. Ko minti 5 ba a yi ba WhatsApp ya fitar da ni.

Kafin isha'i an bi mutanena ɗaya bayan ɗaya, wai ina asibiti da Hanifa, a taimaka. Ƙanwar maigidana ta tura naira 30,000, wata kastoma kuma ta tura kuɗin turmi 2 zuwa akawun ɗin da ba nawa ba. Na gwada komawa, sabuwar lamba ta zo, na sa, sai aka ce in kawo wani fin da ban taɓa sawa ba. Shi ke nan ya tafi? Kuɗin mutane fa? Shekara 4 ina gina amanar nan, shi ya fi ci mini rai.

Mai gyaran waya, Jekadafari:

Wa alaikumus salam. Hajiya sannu, Allah ya mayar da alheri. Ki kwantar da hankalinki, tun da layin yana hannunki bai tafi ba. Lambobin da kika karanta masa ba na wani taro ba ne. Shi ya sa lambar wayarki a tasa wayar, WhatsApp ya turo miki makullin, ke kuma kika miƙa masa. Yana shiga ya ɗaura fin na mataki biyu don ya tare miki ƙofa.

Amma tun lokacin da kika sa sabuwar lambar da ta zo miki, an fitar da shi, ko da ke ma ba ki shiga ba. Za ki jira kwana 7, sannan a bar ki ki shiga ba tare da fin ɗinsa ba. Kada ki ba kowa ko sisi da sunan zai buɗe miki kafin nan, masu wannan da'awar su ma 'yan damfara ne.

Tsofaffin hirarrakinki bai gan su ba, domin a cikin wayarki suke. Gurup-gurup ɗinki ne suka bayyana masa, daga nan ya kwashi lambobin mutanenki, kuma yadda ya kira ki haka zai kira su. Yau ɗin nan ki kira shugabar gurup ɗin Islamiyyar da murya, ta sanar da kowa. Ranar da kika koma kuwa, kafin ki gaisa da kowa ki shiga saiti ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ki sa fin na lambobi 6 wanda ba shekarar haihuwarki ba, ki haɗa da imel ɗinki. Ki duba wajen na'urorin da aka haɗa, duk wadda ba ki sani ba ki cire ta.

Yaya Babba, Wunti:

Ƙanwata, ni kan kuɗin zan yi magana, don can ne ake gudu da lokaci. Waɗanda suka tura su za su je bankinsu da kansu, ba ke ba. Su tafi da rasidin tiransifa, akwai wata doguwar lamba a jikinsa da ake bin sawun kuɗi da ita, su ce damfara ce, a rubuta ƙorafi a tuntuɓi bankin da kuɗin ya faɗa. Ku kai rahoto wurin 'yan sanda, EFCC ma na da ofis a Gombe. Ba zan rufe ki ba, irin waɗannan mutanen ba sa barin kuɗi ya kwana, don haka samu da rashi duk suna iya faruwa. Duk da haka ku kai, sunan mai akawun ɗin da BVN ɗinsa suna nan a banki.

Ita kastomar ki kira ta da kanki ki ba ta haƙuri. Da ni ce, sai in kai mata turmi ɗaya mu raba asarar, don ta ga ba da ke aka haɗa baki ba.

Baffan Yara, Tunfure:

Duk abin da suka faɗa haka ne, sai dai an bar sim ɗin a buɗe, alhali shi ne uwa uba. Bara aka zare mini waya a tasha. Wayar a kulle take, amma suka cire sim suka sa a ƙaramar waya, kafin in yi welkam bak sun sayi kati da kuɗin akawun ɗina. Tun daga nan na sa wa sim fin. Ki adana katin da sim ya zo a jikinsa, don idan aka yi kuskuren fin sau 3 sai da lambar PUK da ke jikinsa zai buɗe.

Sannan ki danna ##002# a wayarki, yana soke duk wani karkatar da kira. Wasu kan sa mutum ya danna lambobi masu taurari, kiransa ya koma wayarsu, su karɓi lambar WhatsApp ta kira ba tare da ya karanta musu komai ba. Banki kuma ba ya kira ya nemi fin ɗin ATM ko lambar da aka turo miki, ko da mai kiran ya faɗi cikakken sunanki.

Maman Hanifa, Pantami:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira malamar gurup, ashe da safen nan mutumin ya kira wasu mata 3 da zancen taron, ɗaya har ta fara karanto masa mijinta ya karɓe wayar. Ƙanwar maigidana ta je banki an karɓi ƙorafinta. Yaya Babba, na yi magana da kastomar, ta ce ba komai, amma gobe zan aika mata turmin. Baffa, katin sim ɗin ya ɓata tun tashinmu daga Bolari. In bari sai na karɓo PUK ɗin a ofishin layi kafin in sa fin, ko in sa kawai?