"In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya": ta dace da Paul McCartney?

Ɗan Birni: Jama'a, salamu alaikum. Ni dai gani nake kamar don Paul McCartney, mawaƙin nan na Birtaniya, aka yi karin maganar nan. Ƙungiyarsu ta mawaƙa mai suna Beatles ta watse a 1970, ya tashi ya kafa wata sabuwa mai suna Wings a 1971 shi da matarsa Linda. A 2022, yana da shekara 80, shi ne babban mawaƙin da ya cashe a bikin Glastonbury na Ingila.

Gwaggon Yara: Wa alaikumus salam. Ɗana, ban yarda ba. Wanda hali ya tilasta wa barin abin da ya saba, shi ake yi wa maganar nan. Shi kuwa masu cika masa fili, waƙoƙinsa na shekarun 1960 suke zuwa ji, kuma yana rera musu. Ina rawar da ta sauya?

Mai Garaya: Gwaggo, a gafarce ni, ki dubi abin da ya same shi a 1973. Ya shirya zuwa Legas ɗaukar faifai, ana gab da tashi mai ganga da mai jita suka ce sun bar ƙungiyar. Su uku suka rage: shi, da Linda, da Denny Laine. A can 'yan fashi suka tare shi da wuƙa, suka ƙwace kasakasan da ya naɗi sababbin waƙoƙin a ciki. Fela Kuti kuma ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka, sai da ya kunna masa abin da suke ɗauka ya ji da kunnensa. Bai tattara ya koma gida ba. Ya zauna ya buga gangunan da kansa, faifan Band on the Run ya fito, ya zama na ɗaya a Amurka da Birtaniya. In wannan ba tilas ba ce, mece ce?

Gwaggon Yara: To, na Legas na karɓa. Amma a wajenmu har habaici ake yi da ita ga mai bin inda iska ta kaɗa, shi ya sa ban so a liƙa wa mutumin da ya haura shekara 60 yana sana'a ɗaya.

Ɗan Birni: Wannan fuskar ban santa ba, Gwaggo. A wane gari ake faɗarta haka?

Gwaggon Yara: A nan Katsina, musamman in zaɓe ya ƙarato.